Maganin Rikicewar Bugun Zuciya: Me Ya Sa Likitoci Ba Sa Gaggawar Rubuta Shi?

Idan bugun zuciyar mutum ya rikice, akwai ƙwayar da zai sha ta daidaita shi? In akwai, me ya sa wani zai kai kukan faɗuwar gaba asibiti a sallame shi ba magani, wani a ba shi maganin tsinka jini alhali kukansa na bugun zuciya ne, wani kuma a ce ƙwaya ba za ta wadatar da shi ba sai an dasa masa na'ura a ƙirji?

Tambayar takan taso duk sanda wani sananne ya yanke jiki ya faɗi a idon jama'a. Ranar 12 ga Yuni, 2021, ɗan ƙwallon Denmak Christian Eriksen ya faɗi ana tsakiyar wasa da Finlan, zuciyarsa ta tsaya. Da ikon Allah, danna ƙirji da jona lantarki a nan cikin fili suka dawo da shi, daga baya aka dasa masa na'ura, a 2022 ya koma taka leda. Magungunan daidaita bugun zuciya suna nan, wasunsu sun haura shekara 100 a hannun likitoci. Sai dai suna da wani hali mai ban tsoro: maganin da ke gyara bugun zuciya shi ma yana iya rikita shi, rikicewar da ta fi ta farko muni. Daga nan duk taka-tsantsan ɗin likitoci ya samo tushe.

Wutar da ke tafiyar da zuciya

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Kamar ginin gida, tana da bututun ruwa, tana da wayoyin wuta. Bututun su ne jijiyoyin da ke shayar da naman zuciyar da jini; idan ɗaya ya toshe, wani yanki na naman ya mutu ya bar tabo. Rikicewar bugu kuwa matsalar wuta ce. Mutane sukan haɗa biyun su kira su da suna ɗaya, ga shi kuwa ta farkon takan haifi ta biyun, domin tabo yana karkatar da hanyar wuta.

A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke kunna wutar da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum da ke hutawa. Wutar ta bazu a ɗakunan sama su matse, ta iso wata mahaɗa a tsakiyar zuciya wadda ke ɗan riƙe ta, sannan ta sake ta zuwa ƙasa. Wannan ɗan jinkiri ne ke ba ɗakunan ƙasa damar cika kafin su tura.

Ita wutar, kai-komon wasu sinadarai ne ta ƙananan ƙofofi a jikin kowace ƙwayar tsokar zuciya. Sodiyam ya ruga ciki, wuta ta kama. Kalsiyam ya bi baya, tsoka ta matse. Fotasiyam ya fita, ƙwayar ta huce ta shirya wa bugu na gaba. Haka ake yi kimanin sau 100,000 a kowace rana. Yawancin magungunan da muke magana a kansu aikinsu toshe ɗaya daga cikin ƙofofin nan ne, kuma ba sa bambanta ƙofar da ke wurin da ya lalace da wadda ke wuri mai lafiya.

Ba kowace rikicewa ce ke kisa ba

Akwai bugun da ke shigowa kafin lokacinsa, mutum ya ji kamar zuciyarsa ta tsallake ɗaya ko ta yi ɗan tsalle. Kusan kowa yana samun irin wannan, kuma a zuciya mai lafiya yawanci ba ya cutarwa. Akwai saurin bugu da zazzaɓi, ƙarancin jini, fargaba ko yawan aikin tayirod ke jawowa, wato halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. A nan zuciya amsa kira kawai take yi, don haka mai kiran ake wa magani. Akwai kuma gudun da ke tasowa daga sama farat ɗaya, bugu ya haura 150 a minti, ya tsaya farat ɗaya. Yana firgitarwa, amma da wuya ya yi kisa.

Na gaba shi ne karkarwar ɗakunan sama, wadda ta fi kowace rikicewa mai ɗorewa yawa a duniya, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini. Ɗakunan sama ba sa matsewa yadda ya kamata, sai makyarkyata, bugun hannu ya zama ba tsari. Jini yakan kwanta a wani lungu ya daskare, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Mai wannan lalura haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ninka na sauran mutane kusan sau biyar.

Mafi haɗari su ne masu tasowa daga ɗakunan ƙasa: gudun ɗakunan ƙasa, da karkarwarsu. Idan suka shiga karkarwa, jini ya daina fita kwata-kwata, mutum ya suma cikin daƙiƙoƙi, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa cikin 'yan mintuna. A ɗaya gefen kuma akwai bugun da ke yin jinkiri fiye da kima saboda wuta ba ta ratsa mahaɗar tsakiya.

Saboda haka abu biyu likita ke fara nema: daga ina rikicewar ta taso, kuma naman zuciyar lafiyayye ne ko mai tabo da rauni. Gwajin ECG, wanda ke zana wutar zuciya a takarda, shi ke amsa ta farko, hoton zuciya ya amsa ta biyu. Tsananin abin da majinyaci ke ji a ƙirjinsa ba ma'auni ba ne. Wani yana ta kuka da abin da ba zai cutar da shi ba, wani bai ji komai ba sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Magungunan, gida-gida

A 1970 wani masanin magunguna na Jami'ar Oksfod, Miles Vaughan Williams, ya fara kasa su gida-gida bisa ƙofar da kowanne ke taɓawa, daga baya gidajen suka cika huɗu, kuma har yau da wannan rabon ake koyarwa. Sunayen na nan kamar yadda suke a jikin kwali, don mai shan ɗaya ya gane nasa.

Gida na farko masu toshe ƙofar sodiyam ne, suna rage gudun wutar: quinidine, lidocaine, flecainide, propafenone. Quinidine ɗan'uwan kwinin ɗin zazzaɓin cizon sauro ne, daga ɓawon itace ɗaya aka samo su, kuma tun 1918 aka fara ba da shi don bugun zuciya. Gida na biyu suna kare zuciya daga zugar sinadarin adirenalin: propranolol, metoprolol, bisoprolol, atenolol. James Black, wanda ya ƙirƙiro propranolol, ya sami kyautar Nobel a 1988. Gida na uku suna riƙe ƙofar fotasiyam su tsawaita lokacin hucewa: amiodarone, sotalol, dronedarone. Na huɗu suna rage shigar kalsiyam a mahaɗar tsakiya: verapamil da diltiazem.

Akwai waɗanda rabon bai ɗauka ba. Digoxin daga wani fure ake samun sa, wanda likitan Ingila William Withering ya yi rubutu kan amfaninsa tun 1785. Adenosine allura ce ta asibiti wadda ke tsinke gudun ɗakunan sama, ƙarfinta ya gushe cikin daƙiƙoƙi. Atropine yana ɗaga bugun da ya yi ƙasa, na ɗan lokaci.

Abin da ya faru a 1989

Wanda bai san wannan labari ba zai iya ɗaukar jan ƙafar likitoci a matsayin sakaci.

A shekarun 1980 an tabbatar cewa mutumin da jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, idan yana yawan samun bugun nan mai shigowa kafin lokaci daga ɗakunan ƙasa, ya fi saura haɗarin mutuwar fuju'a. An kuma sami sababbin magunguna, flecainide da encainide, waɗanda ke share wannan bugun daga takardar ECG tas. Lissafin ya yi kama da mai sauƙi: a kawar da bugun, a kawar da mutuwar. Likitoci suka yi ta rubuta su. Yardar ta kai har wasu na ganin zalunci ne a yi gwajin da za a hana wasu majinyata maganin.

Duk da haka, a 1987 aka fara gwajin a Amurka, mai suna CAST. Aka raba majinyata kashi biyu, wasu na shan maganin, wasu na shan ƙwayar da ba komai a cikinta. A 1989 aka tsayar da ɓangaren gwajin da ya shafi magungunan nan biyu kafin wa'adinsa. Cikin mutum 730 masu shan maganin, 56 sun rasu. Cikin 725 masu shan ƙwaya marar komai, 22 ne suka rasu, duk a cikin kimanin wata goma. Takardar gwaji ta yi kyau, mutane sun fi mutuwa. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Dalilin ya fito daga baya. A zuciya mai tabo, wuta tana iya kewaya tabon ta dawo inda ta taso. Idan ta dawo da sauri, sai ta tarar naman bai gama hucewa ba, ta mutu a nan. Idan magani ya rage mata gudu, sai ta iso daidai lokacin da naman ya shirya, ta sake kunna shi, ta sake kewayawa, ba tsayawa. Maganin ya kashe ƙaramar rikicewa, ya share wa babbar hanya. Aka janye encainide daga kasuwa. Flecainide yana nan, kuma magani ne mai kyau, amma ga wanda aka tabbatar zuciyarsa ba tabo ba rauni.

Gida na uku su ma da nasu haɗarin. Idan lokacin hucewa ya yi tsawo fiye da kima, abin da likitoci ke aunawa a ECG su kira tazarar QT, wata muguwar rikicewa tana iya ɓallewa, wadda likitan Faransa François Dessertenne ya siffanta a 1966. Mutum ya suma, wani lokacin ta lafa da kanta, wani lokacin ta zarce karkarwar ɗakunan ƙasa. Mata sun fi maza saurin kamuwa da ita, haka wanda fotasiyam ko magniziyam ya yi ƙasa a jininsa. Allurar magniziyam ce kan gaba wajen kwantar da ita.

A cikin gidajen huɗu, na biyu ne ya fi tsayuwa da ƙafarsa kan batun tsawon rai. An tabbatar suna rage mutuwa bayan toshewar jijiyar zuciya da kuma ga masu raunin zuciya, duk da cewa ba su ne suka fi iya gyara takardar ECG ba.

Amiodarone: ƙarfinsa da ladan da yake karɓa

Idan rikicewa mai haɗari ta haɗu da zuciya mai rauni, galibi nan likita ke komawa. A Beljiyam aka haɗa shi a farkon shekarun 1960 don ciwon ƙirji, daga baya aka gano ƙarfinsa a kan rikicewar bugu, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1985. An sa shi a gida na uku, amma yana taɓa ƙofofin gidajen huɗu duka. Ya fi saura ƙarfi, kuma bai cika jawo muguwar rikicewar nan ba.

A sauran jiki yake karɓar ladansa. Kusan kashi 37 cikin 100 na nauyinsa aidin ne, shi ya sa yake iya kwantar da tayirod ko ya zuga ta. Yana iya taɓa hanta. Yana iya sa huhu ya yi tabo, wanda ke farawa da busasshen tari da haki, kuma wannan ne aka fi tsoro. Yakan bar ɗigo-ɗigo a gaban ido, ya sa fata ta kasa jure rana, a wasu ma ta rine ta koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi. Yana taruwa a kitse da gaɓoɓi, har yakan ɗauki kusan wata biyu kafin rabin abin da ke jiki ya fita. Wanda ya daina sha yau, maganin na tare da shi na watanni.

Don haka ake auna tayirod da hanta kafin a fara, a maimaita duk wata shida, a kuma duba huhu. Yana ƙara wa digoxin da warfarin, maganin hana jini daskarewa, ƙarfi a jini, dole a rage su idan za a haɗa. A ganina, rubuta wa mutum amiodarone ba tare da tsara masa ranakun gwajin jini ba rabin aiki ne. Ga dattijon da rikicewa ke barazana ga ransa, cinikin ya yi riba. Ga matashin da zai sha shi shekara 30, akwai abin dubawa sosai.

Karkarwar ɗakunan sama: inda likitoci suka daɗe suna muhawara

Hanya biyu ce. Ko a bar karkarwar a rage gudun bugu kawai da gida na biyu, na huɗu ko digoxin, ko a yi ƙoƙarin mayar da zuciya kan tsarinta da magani, jona lantarki ko aiki. Hankali zai ce ta biyu ta fi. Amma gwajin AFFIRM na mutum 4,060, wanda aka fitar a 2002, bai nuna masu neman dawo da tsari sun fi tsawon rai ba, sun ma fi kwanciya asibiti da fama da illar magani. Shekaru da dama wannan ya sa aka fi karkata ga rage gudu. A 2020 wani gwajin na Turai, EAST-AFNET 4, ya nuna cewa idan aka kama lalurar cikin shekararta ta farko aka dawo da tsari da wuri, ana samun raguwar mutuwa ta dalilin zuciya, shanyewar jiki da kwanciya asibiti idan aka haɗa su. Ma'auni ya sake rinjaya, musamman ga sabon kamu da wanda lalurar ke hana sakat.

Abu ɗaya ne ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kansa ba, kuma shi ne majinyata suka fi wasa da shi. Maganin hana jini daskarewa ne ke kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki. Warfarin yana rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. Sababbi irin apixaban, rivaroxaban da dabigatran ba sa buƙatar yawan gwajin jini. Amma wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, wato murfin da ke hana jini komawa baya, ko wanda bawul ɗinsa ya tsuke sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ya taɓa zuciya, warfarin ne nasa. Asfirin ba ya maye gurbinsu. Mutum zai ji bugunsa ya daidaita ya ajiye maganin, alhali karkarwar tana iya zuwa ta tafi bai sani ba.

Inda ƙwaya ba ta isa

Idan zuciya ta tsaya, babu ƙwayar da za a ɗura wa mutum, kuma yayyafa ruwa ko jijjiga ɓata lokaci ne. Wanda ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda aka saba, a nemi agajin gaggawa, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a yi ta dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, har a kawo na'urar jona lantarki. Ita ce ke tsinke karkarwar. Allurar adirenalin, da amiodarone ko lidocaine, mataimaka ne da ma'aikatan lafiya ke ƙarawa idan jonawar ta ƙi ci.

Ga wanda ya tsira, ko mai raunin zuciya sosai, akwai na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fata, tana sauraren bugu dare da rana, ta jona wuta da kanta idan ya ɓaci. A 1980 aka fara dasa ta a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ƙirƙirar Michel Mirowski da abokan aikinsa. Wani babban gwaji da aka fitar a 2005 kan masu raunin zuciya ya nuna na'urar ta rage mutuwa da kashi 23 cikin 100, amiodarone kuwa bai rage ba. Shi ya sa sau da yawa ake haɗa su: na'ura ta tsare rai, magani ya rage yawan jonawar, don tana da zafi.

Bugun da ya yi jinkiri ba shi da ƙwaya mai ɗorewa, batirin zuciya ne maganinsa, wanda aka fara dasawa a Suwidin a 1958. Akwai kuma aikin zura siririyar waya ta jijiyar cinya a ƙone ko a daskarar da wurin da rikicewar ke tasowa. A 1998 likitocin birnin Bodo na Faransa suka nuna cewa karkarwar ɗakunan sama yawanci daga bakin jijiyoyin huhu take kunnuwa, aikin ya sami inda zai dosa. Ba ko'ina ake samun waɗannan ba, don haka ga miliyoyin mutane magani ne kaɗai abin da ke hannu, abin da ke ƙara wajabta sanin yadda ake zama da shi.

Ga mai shan maganin da masu jinyarsa

Tambayar da ta fi dacewa majinyaci ya yi ita ce: likita, wannan ƙwayar don in ji sauƙi ce, don kare ni daga shanyewar jiki ce, ko don tsare raina? Amsar ce za ta nuna masa wadda za a iya sauyawa idan ta dame shi, da wadda ba a wasa da ita.

Kada a yanke shan gida na biyu farat ɗaya, domin zuciya tana iya zabura, ciwon ƙirji ko rikicewa su dawo da ƙarfi. Mai asma ya faɗa kafin a rubuta masa su. Haɗa su da verapamil ba da sanin likita ba yana iya sa bugu ya yi ƙasa matuƙa. Idan an manta sha, ba a ninkawa a na gaba. Ba a kuma ba wani nasa don kukansu ya yi kama.

Amai da gudawa, da magungunan sa fitsari, suna zubar da fotasiyam. Ga mai shan sotalol ko digoxin, kwana biyu na gudawa ya isa ya mai da adadin da ya saba sha guba, musamman idan ƙoda ta yi rauni, tunda ta nan suke fita. Alamun digoxin ya yi yawa sun haɗa da tashin zuciya, rashin cin abinci, ruɗewa da ganin abubuwa rawaya-rawaya.

Magunguna da yawa da ba na zuciya ba suna tsawaita tazarar QT: erythromycin, clarithromycin, azithromycin, ciprofloxacin, kwinin, kulorokwin, haloperidol, da ondansetron na hana amai. Kowanne shi kaɗai yawanci lafiya lau ne. Haɗuwarsu da amiodarone ko sotalol ce matsalar. Duk wanda zai rubuta ko ya sayar wa mutum magani, ko na mura ne, a gaya masa abin da ake sha, har da na itatuwa da saiwoyi. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta sanar tun da wuri.

Suma, jiri mai tsanani, ciwon ƙirji, haki, ko sabon tari ga mai shan amiodarone, ba abin jira zuwa ranar komawa asibiti ba ne. Suma bayan fara sabon maganin bugun zuciya, ko suma ana tsakiyar motsa jiki, ko a gidan da wani ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya, a garzaya a ranar, a tafi da kwalayen duk magungunan da tsofaffin takardun ECG, domin da su likita zai gwada sabuwar takardar ya gane ko ciwon ne ya motsa ko maganin.